Wa Ya Ba Kwalli Shokola?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyata. Wadda ta rubuto mini makon jiya tana cewa na cika jan rai, na ga saƙonki, kuma ban ji haushi ba, don ko Inno mahaifiyata haka take faɗa kullum. Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: sunana Bara'atu, shekarata ashirin da huɗu, ɗinki nake yi a gida, nan Arlit. Abin da zan ba ku yau ya faru ne tsakanin Talata da Alhamis ɗin da suka wuce, kuma tun yanzu ku sani ba ni ce na fita da fari a cikinsa ba.

Mu 'yan Damagaram ne, amma a Akokan aka haife ni. Babana, Malam Ramalan, shekara ashirin da shida ya yi yana sauka ƙarƙashin ƙasa wurin haƙar uraniyom. Da aka rufe ramin a 2021 muka bar gidan kamfani mai fanka a kowane ɗaki, muka dawo wani gidan ƙasa a Arlit, ɗaki uku, rumfa ɗaya, da dogon yaro a tsakar gida. Ranar da muke ɗaure kaya, matar wani abokin aikin Baba da za su koma Maraɗi ta miƙo mini kwali mai huji-huji, ta ce ba za su jure hanya ba. Na buɗe, sai ga 'yan zomaye biyu suna kallona. Namijin na sa masa Goje. Macen fara ce sol, sai baƙi da ya zagaye idanunta kamar amaryar da ta rambaɗa, shi ya sa na kira ta Kwalli.

Baba ne ya haɗa musu akurki da ragar ƙarfe da ragowar katako a gindin dogon yaro, yana bugun ƙusa yana mita. "Uwata, waɗannan ɓerayen naki masu dogon kunne, ban ga amfaninsu ba." Uwata yake kirana don sunan mahaifiyarsa na ci. Inno kuwa, da yake sunan surukarta ne, tunda nake ba ta taɓa furta shi ba, sai dai "ke 'yar nan".

To, kwana goma sha ɗaya kafin wannan Talatar, Kwalli ta haifi 'ya'ya biyar. Idanunsu ma ba su gama buɗewa ba.

Ranar Talata bayan la'asar ina gaban madubi ina ɗaura kallabi. Atamfa ruwan ganye na sa, mai zanen mafici, riga da siket da na ɗinka da kaina, hannun rigar na yi masa tattara a kafaɗa. Gyale ruwan madara, 'yan kunne ƙanana, humra kaɗan a bayan kunne. Inno ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

"Shekara ɗaya da wata takwas," ta ce.

"Inno, ina lissafe."

"Kina lissafe, shi kuma yana ta zarya. In kina so ki ce kina so, in ba kya so ki sallame shi ya kama gabansa. Babu mai yi miki dole a gidan nan, amma ɗan mutane ba takalmi ba ne da za ki ajiye a bakin ƙofa."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Bashar take nufi. Ɗan Tawa ne, kamiyo, babbar motar kaya, yake ja tsakanin Arlit da Asamaka, kan iyakar Aljeriya. Dogo ne, baƙi, mai 'yar wushirya, ba ya da yawan magana, in kuma ya yi sai Hausarsu ta yamma ta fito, "mi" da "wanga" da "shina", ni kuma in ta kwaikwayonsa har ya rufe fuska da rawani. Ku tambaye ni ko ina sonsa, zan ce muku idan ya yi kwana uku babu rezon waya a hanya ɗinkina karkacewa yake. Amma duk sanda ya ce zai turo manya sai in ce a ɗan ƙara jira. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne tsoro nake ji. Mutum ne da ban taɓa ganin ɓacin ransa ba, kullum murmushi, kullum tsaraba. Sai nake ce wa raina, wanda ban ga yadda yake ba a ranar da abu ya lalace, ta yaya zan san shi? Ga kuma Baba. Tun da aka rufe ramin ya koma shiru-shiru, daga masallaci sai kujerarsa da rediyo. Ni ce mai tsokanarsa ya yi dariya. In na tafi wa zai yi?

Bashar ya yi sallama, Baba ya ce ya shigo. Ya saba, ba ya tsayawa a waje. Shadda ruwan toka ce a jikinsa, ta sha guga, ga ƙamshin turaren nan nasa da nake ganewa tun daga zaure. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Inno, ya ajiye leda babba a gefen tabarma: dabino, taliya, madarar gari, sai fakiti uku na wani biskit mai shokola, wato cakulan, a tsakiya, ledarsa ja da ruwan zinariya.

"Ina masu jego?" ya ce da ni. "Tun Asamaka nike son in ga ɗiyan nan da kika cika mini waya da hotonsu."

Na kai shi gaban akurki, na ɗaga ciyawar da ke rufe da su ya leƙa. Baba ma ya taso, hannu a baya, wai yana duba ko ragar ta saki. Na bar su nan na shiga madafa in haɗo bisap, wato zoɓo, da ƙanƙara. Na ɗan jima, don Inno ta tsare ni da yankan albasa. Da na fito Baba ya tafi masallaci, Bashar yana zaune a rumfa. Muka yi hira har aka kira magariba. Ya sake tambayata maganar manya, na sake cewa a ɗan jira. Ya yi murmushi ya ce, "To, Allah shi kai mu." Shi ke nan.

Laraba da hantsi na fito da dammin harawar wake da ruwa a kwano. Kullum in Kwalli ta ji motsina sai ta miƙe da ƙafafun baya ta dafa raga. Ranar ba ta taso ba. Tana can lungu a dunƙule, kunnuwa a kwance, idanu rabi a rufe. Na kai mata harawa har bakinta, ta kawar da kai. Na kasa kunne, sai na ji tana cizon haƙora a hankali, ƙurus-ƙurus. Na duba ƙarƙashin akurkin inda kashinsu ke zuba. Ɓangaren Goje cike, nata ɓangaren babu sabo ko ɗaya.

Sai idona ya faɗa kan wani abu ja da ruwan zinariya, a maƙale tsakanin ƙafar akurki da bango. Na jawo. Ledar biskit ce, babu komai a ciki sai ɓurɓushi.

'Yan uwa, wanda bai taɓa kiwon zomo ba zai ce mene ne abin tashin hankali. Ni na sani. Zomo in ya yini bai ci ba, bai yi kashi ba, cikinsa ne ya tsaya, kuma ba ya daɗewa a haka. Ga 'ya'ya biyar da ba su san komai ba sai nononta.

Na kira Esther. Ƙawata ce tun muna lekol, makarantar boko, a Akokan, 'yar Maraɗi, babanta ne ke jan waƙa a cocinsu. Ta karanci kiwo, yanzu tana aiki a wani shagon maganin dabbobi kusa da kasuwa. Ina jin ta ɗauka na ce, "Kwalli ta ci shokola."

"Yaushe?"

"Jiya da yamma, ina jin."

"Kada ki ba ta komai. Ki kai ta inuwa, gani nan."

Kafin ta iso Inno ta fito da kofin madara da cokalin man gyaɗa. "Ɗura mata wannan ta amayar. Haka muka yi wa akuyar Hajiya maƙwabciyarmu da ta ci leda."

"Esther ta ce kada a ba ta komai."

"Esther ta fi ni shekaru ne?"

Muna cikin haka ƙarar moto, wato babur, ta tsaya a ƙofa. Esther ta shigo da 'yar jakarta, siket baƙi da riga mai ɗigo-ɗigo, kallabi ɗaure ta baya. Ta durƙusa ta gaida Inno, ta karɓi kofin daga hannunta cikin ladabi ta ajiye a kan turmi.

"Mama, zomo ba ya amai. Haka Allah ya yi shi, abin da ya shiga ya shiga, sai dai ya bi ta ƙasa. In aka ɗura mata mai ko madara, ko dai ta shaƙe, ko cikin ya ƙara lalacewa."

Inno ta taɓe baki, amma ta zauna a kan kujerar tsakar gida tana kallo.

Esther ta ɗora Kwalli a cinyarta a kan tsohon zane, ta taɓa kunnuwanta, ta lallatsa cikin da yatsu biyu, ta sa kunne ta saurara. "Cikin ya yi shiru, amma bai kumbura ya yi tauri ba, wannan shi ne sa'armu. Guda nawa ne a ledar?"

"Huɗu."

"Huɗu ga 'yar wannan halitta." Ta girgiza kai. "Shokola guba ce a wurinsu, tana buga musu zuciya. Da jiya aka kira ni da na ba ta gawayin magani ya tsotse, yanzu ya wuce wannan. Abin da ya cece ta, shokolar cikin irin wannan biskit ba ta da yawa. Fulawar da sukarin ne suka tsayar mata da ciki."

Ta yi mata allurar rage ciwo, ta sa mata ruwa a ƙarƙashin fata. Sannan ta ciro sirinji marar allura ta nuna mini yadda zan riƙa ɗiga mata ruwa ta gefen baki, kaɗan-kaɗan, tana zaune a kan ƙafafunta, ba a kwance ta baya ba. Ta ce in daka busasshiyar harawa in jiƙa ta yi kamar kunu mai kauri, duk bayan awa biyu in ba ta. In riƙa shafa cikin a hankali, in sauke ta ƙasa ta ɗan taka.

"Ba abin da ke tada cikin zomo kamar ciyawa," ta ce. "Ki samo ganyen karoti sabo, mai ƙamshi, ko zai ja hankalinta. Kuma zafin nan, ki naɗe ƙanƙara a tsumma ki ajiye kusa da ita. Ranar nan ta yau ce za ta nuna mana." Tana rufe jaka ta ɗago. "Wa ya ba ta?"

Na ɗauki waya na shiga ɗaki.

Ringin biyu Bashar ya ɗauka, ina jin hayaniyar masu lodi a bayansa. Ko gaisuwa ban yi ba.

"Biskit ɗin da ka kawo jiya, na tsinci ledarsa a gindin akurki. Kwalli tana kwance ba ta ci ba ta sha. Kai ka ba ta?"

Ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo har na duba wayar ko ta katse.

"Shina yi musu illa?" ya ce a hankali.

"Kashe su yake."

Sannan ya ce, "Ni na kawo shi gidan, Bara'atu. Laihina ne. Ki yi haƙuri."

Na kashe wayar. Da na tsaya nan da da sauƙi. Amma sai na buɗe watsap, na rubuta masa abin da har yanzu in na karanta sai in rufe ido:

"Shekara ɗaya da wata takwas kana zuwa gidanmu, ko sau ɗaya ba ka taɓa tambayata me suke ci ba. Kai dai ka kawo tsaraba a ce kana da kirki. In Kwalli ta mutu kada ka ƙara yi mini maganar manya."

Alama biyu suka fito, suka koma shuɗi. Ya karanta. Amsa ɗaya ya turo: "To."

Da na fito, Baba yana kan kujerarsa, rediyo a kashe a cinyarsa. Shayinsa na safe yana gefe ya huce, burodin ko gutsira bai yi ba. Na ɗauka tausayina yake ji.

Wajen ƙarfe goma sha biyu, rana ta take, ina zaune a rumfa da Kwalli a cinya, zanen gida a jikina duk kunun harawa ya ɓata shi, sai aka yi sallama a zaure. Muryarsa ce. Inno ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ita ta fita. Ta dawo rungume da dammin harawa mai kore shar, da ƙullin ganyen karoti har da laimarsa, da ƙanƙara biyu a buhu.

"Har lambunan Akokan ya je a kan moto cikin ranar nan," ta ce. "Ya bar lodi, ya ce wani ya ja motar. Wuyansa duk rana ta ƙona shi. Ya ce wai ya tsaya wurin Esther ya tambaya, an ce kada a haɗa da ganyen tumatir ko na dankali, ya tsince da hannunsa ɗaya bayan ɗaya. Ba za ki fita ko sannu ki ce masa ba?"

"A'a."

Ta daɗe tana kallona. "Halin kakarki sak," ta ce, ta wuce madafa.

Haka muka yini. Ruwa, kunun harawa, shafa ciki, sauke ta ƙasa ta yi taku biyu ta sake dunƙulewa. Ɗinkin wata amarya da zan kai ranar Juma'a yana kan keke ban ko kalle shi ba. Bayan la'asar Baba ya jawo kujerarsa kusa da ni, abin da bai saba ba, ya ɗauki mafici yana yi mana fifita, ni da zomanya. Sau biyu ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya ce, "Allah ya ba ta lafiya." Gab da magariba Esther ta biyo daga aiki ta sake yi mata allura, ta riƙe ta, ni kuma na jera 'ya'yan a ƙarƙashinta suka tsotsi abin da ya samu. Bayan sallah Baba bai dawo da wuri ba, Inno ta ce ya ce zai biya tasha.

Alhamis, rana ba ta gama fitowa ba na isa akurki. Na tsuguna na leƙa ƙasa tukuna, don ina tsoron kallon sama. Sai ga su: 'yan ƙwayoyi ƙanana, baƙaƙe, busassu, ba su kai girman na kullum ba, amma guda goma sha huɗu. Na ƙirga, wallahi na ƙirga. Ban taɓa zaton zan yi murna da ganin kashi haka ba. Na ɗago kai, ga Kwalli zaune, ganyen karoti yana shiga bakinta a hankali kamar zare a keke.

Na ɗauki hoto na tura wa Esther. Ta amsa da vokal, saƙon murya, tana dariya: "Mun gode Allah. Ki ci gaba da ruwan, harawa kada ta yanke. Karotin kansa kada ya wuce ɗan yanka kamar kan yatsa, shi ma zaƙi ne."

"Uwata."

Na juya. Baba ne a bayana, da jallabiyarsa ta masallaci, carbi a hannu. Ya zauna a kan bulon da ke gefen akurki, abin da ya sa dole na zauna a ƙasa.

"Ta tashi?"

"Ta tashi, Baba."

Ya ce alhamdulillahi sau uku. Sannan ya kalli carbinsa ya ce, "Ni na ba ta."

Ban gane ba da farko.

"Ni na ba ta biskit ɗin nan. Ba yaron nan ba." Ya share fuska da tafin hannu. "Kin san jikina ya saba da tashin aiki. Har yau ƙarfe huɗu idona ke buɗewa, sai in rasa inda zan je. In na dawo daga sallar asuba ku kun koma barci, sai in zo nan in zauna da shayina. Ita ce ke tasowa ta dafa raga. Sai in tsoma ɗan burodi in miƙa mata. Mun fi shekara biyu a haka, ni da ita. Har labarin rami nake ba ta."

Na tuna yadda nake mamakin ƙibar Kwalli, da yadda wasu ranaku kashinta ke yin laushi in rasa dalili.

"Shekaranjiya da na ga abin da ya kawo, sai na ce mai jego ce, tana shayar da biyar, bari ta samu abin daɗi ta yi ƙarfi. Shi yana tsaye yana kallo, har dariya ya yi yadda take karɓa. Bai sani ba, ni ma ban sani ba. Jiya da na ji kina waya na so in yi magana, sai bakina ya yi nauyi. Mutumin da ya shekara ashirin da shida ba a taɓa kama shi da sakaci a wurin aiki ba." Ya juya carbinsa. "Da magariba na same shi a tasha na ce zan gaya miki. Ya ce in bari, wai shi faɗanki ba zai kashe shi ba, amma ba ya son ki dube ni da wani ido. Na kwana ina juya maganar. Na ga ba zan iya barin ɗan mutane da kayana a kansa ba."

Hawaye suka zubo mini, kuma abin mamaki dariya na biye da su. Baba da ke kiransu ɓeraye. Na ce, "Baba, ashe kishiyar hira gare ni ban sani ba."

Ya yi 'yar dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba, yana goge ido da hannun riga.

Na tashi na ɗauko dammin harawar na ajiye a gabansa. Na ce daga yau abincin safe nasa ne. Na nuna masa yawan da zai zuba, dammi kamar girman jikinta, da ruwa sabo a kwano. Ganye ɗan kaɗan, wanda ta saba da shi, in sabo ne a fara da guda ɗaya a ga yadda cikinta zai karɓa. Burodi, dabino, ƙanzon tuwo, ɓawon albasa da Inno ke zubarwa, duk babu. Tumfafiyar da ke fitowa a bayan katanga kuwa ko kusa.

"Shayin fa?" ya ce.

"Shayin naka ne kai kaɗai. Labarin rami dai ka ci gaba da ba ta."

Ya ɗauki reshen harawa ya zura ta raga. Kwalli ta matso ta karɓa.

Sai da na shiga ɗaki abin ya dawo mini duka. Na buɗe saƙon jiya na karanta, na karanta "To" ɗinsa. Na sake tuna kalmominsa a waya, na ga ko ƙarya bai yi mini ba: ni na kawo shi gidan. Ni da nake cewa ina son in ga yadda yake ranar da abu ya lalace, ga shi na gani, shi ma kuma ya ga yadda nake.

Na rubuta na goge ya fi sau goma. Daga ƙarshe na tura: "Kwalli ta tashi. Baba ya gaya mini komai. Ban san da bakin da zan ba ka haƙuri ba. Ka yafe mini."

Alama biyu, amma ba su koma shuɗi ba. Na yi wanke-wanke na duba. Na zauna a keke na haɗa hannun rigar amarya, na duba. Azahar ta yi, shiru. Inno tana lura da ni ta wutsiyar ido, sai ma wani waƙe-waƙe da ta kama yi a madafa, abin da ya ƙara ƙona mini rai.

Bayan la'asar na ce bari in wanke akurki ko zuciyata ta samu abin yi. Na ɗaura tsohon zanen jiya, na sa wata rigar Baba da ta yage a hammata, kaina ko kallabi babu, kitson ya tsufa, ɓurɓushin harawa har cikin gashi. Ina tsugune ina kankare ƙasan raga wayar ta yi ƙara a kan bulo. Na goge hannu a zane na ɗauka.

"Babu komi, ya wuce tun jiya. Ban amsa ba don tun sahe ina tasha ina jiran bis ɗin Agadas, waya ta mutu. Innata ta zo daga Tawa, maganar da ni so in hwaɗa miki ke nan ran Talata. Ta tambayi mi ya ƙona mini wuya, na ba ta labari. Ta ce ba ta sauka masaukinta sai ta gaida Inno, ta kuma ga ɗiyar da ta sa ni tsintar ganye da tsakar rana. Muna ƙohwar gida."

Na karanta sau biyu. Na dubi zanena, na dubi hannuwana. Na miƙa wa Inno wayar, sai na tuna ba ta karatun boko, na karanta mata. Ta ajiye tsintsiyar hannunta.

"Ke 'yar nan," ta ce ƙasa-ƙasa, "mace ba ta taso tun daga Tawa don ta ga zomo ba. In ta tambaye ni maganar ɗanta, me zan ce mata?"

Baba yana kan kujerarsa, ya rage muryar rediyo, bai dube ni ba, amma na san kunnensa yana wurina.

Na ce, "Ki shimfiɗa sabuwar tabarmar nan, Inno. Ta cikin ɗakinki."

Inno ta dube ni, ta dubi Baba, ta juya da sauri har zanenta na harɗe ta. Ni ma na yunƙura zan ruga ɗaki in canza kaya, amma na makara. Labulen zaure ya ɗaga. Wata dattijuwa doguwa ta shigo, lulluɓe da mayafi baƙi mai bakin azurfa, wushiryarta irin tasa sak. Ta yi sallama, idonta ya wuce Baba, ya wuce ƙofar da Inno ta shige, ya sauka a kaina, ina tsaye da rigar Baba da abin kankare kashi a hannu.

Ta ƙare mini kallo tun daga gashi har ƙafa, fuskarta ba ta nuna komai ba. Sannan ta ce, "Ɗiyata, shiga ki kira mini Bara'atu."